Yayan Tamimu na Gidan Tarihi

Mijina Tamimu ba ya son hoto. Ko ranar sallah, da 'yarmu Hamdatu ta ɗaga waya sai ya kau da kai. Na katin aiki kawai ya bar mana, ya ɗaure fuska a ciki kamar an kama shi da laifi. Wannan ba shi ba ne.

Gadi yake yi a wani gidan tarihi a Manhattan. In ya dawo gida unguwarmu Tremont, yana cire takalmi yana cewa, "Maman Hamdatu, yayana yana gaishe ki." Yayan nan wani hoto ne a ɗakin da yake tsaro, ya kai shekara ɗari biyu. Ya ce ba fenti ba ne, a jikin tagulla aka sassaƙa shi layi-layi, aka shafa tawada, aka danna a takarda. Wai kamarsu ɗaya. Nakan ce, "To ka ce masa ya zo cin tuwo." Ban taɓa zuwa na gani ba.

Ya rasu da hunturu. Ina cikin takaba fuskarsa ta fara ɓace mini. In na rufe ido ina jin muryarsa, ina ganin hularsa, amma ƙasan hular babu komai. Ban gaya wa kowa ba. Na dai ƙudurta ina fita zan je wurin yayan.

Hamdatu ta kai ni. Muka tarar an rataye wasu hotuna daban. Moro, abokin aikinsa, ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Hajiya, irin waɗannan haske na lalata su. Wata kaɗan suke yi a bango, sai a mayar da su durowa, shekaru." Ashe ina zaune a ɗaki aka sauke shi. Moro ya ce in an nemi izini ana fito da shi, sai Hamdatu ta nemi izinin ta waya.

Ranar da muka koma, wata mata ta kai mu wani ɗaki a sama, ta ce mu wanke hannu. Na wanke har gwiwar hannu, dama sannan hagu. Hamdatu ta ce, "Mama, ba salla za mu yi ba fa."

Matar ta ɗage wata siririyar takarda daga kan hoton. Bature ne. Tsoho mai sanƙo, da dogon hanci, wuyan rigarsa har kunne. Hamdatu ta toshe baki tana dariya. "Baba ya zolaye ki!" Ni ban yi dariya ba. Nan ne kaɗai na sa rai.

Matar ta miƙo mini gilashin ƙara girma, na karɓa don kar ta ji ba daɗi. Duk fuskar layuka ne ƙanana. Na bi su har gefen baki na hagu. A nan sun ɗan lanƙwashe sama, leɓen a matse, mutumin yana danne dariya. Haka Tamimu yake yi in ya shirga mini ƙarya yana jiran in gano.

Sai ga fuskar Tamimu ta dawo mini gaba ɗaya, har wushiryar, har tabon da ke goshinsa. Na rufe ido, tana nan. Na buɗe, na sake rufewa, tana nan.

Na sunkuya kusa da takardar na ce, "Ƙaninka ya sha kawo mini gaisuwarka. Ina amsawa."