Wa Ya Wanke Shi?

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya Jamaluddeen ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji, sai dai ta ce "wannan yaron". Ko da labari ya iso Daura cewa ya rasu a Mozambik, inda ya shekara tara yana haƙar duwatsu masu daraja, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Tambaya ɗaya ta riƙa yi mini: "Ikilima, an yi wa yaron nan sutura kuwa? Wa ya wanke shi?"

Abbas, abokin tafiyarsa da ya bugo ya sanar da mu, da na tambaye shi sai ya ce layi ba kyau, ya kashe. Daga nan bai ƙara ɗaga wayata ba, matsoraci. Sai ya rage matar da Yaya ya aura a can, Atija, wadda ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, sai Fotugis. Na gwada fassarar waya, ta kawo mini shirme. Na rantse maganar gawar ɗan'uwana ba zan bar wa inji ba.

Haka na duƙufa koyon Fotugis, ni da nake koyar da lissafi a firamare. Kullum na taso daga makaranta sai in zauna gindin dalbejiyar gidanmu da waya da littafin rubutu. Darussan farko haushi suka riƙa ba ni: ina shan madara, kana cin tuffa. Ina ruwana da tuffa? Na tsallake zuwa babin abin da ya riga ya wuce, na tsinci kalmomin da nake buƙata. Lavaram, sun wanke. Rezaram, sun yi salla. Enterraram, sun binne. Wata biyu ina nanata su har a bakin murhu, Inna tana kallona, abinci ma sai an matsa mata take taɓawa.

Ranar wata Laraba bayan la'asar na kira. Inna ta jawo tabarma ta zauna dab da ni. Na yi tambayar farko, ko sun wanke shi. Atija ta ce não, wato a'a. Na yi ta biyu, ko sun yi masa salla. Não. Daga nan ta shiga bayani tana kuka, tana maimaitawa a hankali don in gane, kuma kaicona, na gane. Ramin haƙar ne ya rufta da su, su shida. Kwana uku ana tono, sai masu gadin wurin suka kori kowa. Ba a ciro ko mutum ɗaya ba.

Na kashe wayar. Wallahi na so in yi ƙarya, har na shirya ta a bakina: an wanke shi, liman ya sallace shi.

Inna ta ce, "Kar ki ɓoye mani, 'yar nan. Don ki gaya mani gaskiya kika sha wannan wahalar."

Na gaya mata duka.

Sai ta shafa tabarmar da tafin hannunta, kamar mai lallashin jariri.

"Jamalu," ta ce. "Jamaluddeen, ɗana."