Dakaren da Ya Kai Ƙarshen Allo

Shekara uku da samun 'yancin Dahomey, Rahmatu, malamar makaranta a Djougou, ta kawo wa kawunta Jatau darar Turawa don ta ɗebe masa kewa. Tsohon sojan Faransa ne, yanzu yana gadin sito a tashar jirgin ƙasa ta Parakou.

Ta nuna masa yadda doki ke tsallake mutum, dakare kuwa taki ɗai-ɗai yake yi, ba ya komawa baya.

"Amma in ya kai ƙarshen allo, Kawu, sai a ɗaukaka shi, har ya fi doki ƙarfi."

Jatau ya daɗe yana jujjuya ɗan dakaren da yatsu ukun da suka rage masa. Sai ya yi tsaki.

"Wanda ya ƙago wasan nan bai taɓa zuwa yaƙi ba, 'yata. Ni na kai ƙarshen. Tocila da sanda aka ba ni."