Hanyar Bayan Injin Niƙa

Ndakotsu ya tattare rigarsa har gwiwa, ya tsallake kwatar da ke bayan injin niƙa, ya dira da ƙafa ɗaya cikin ƙullun da ya zube. Bai tsaya gogewa ba. Yau kwana huɗu ke nan yana bin wannan lungu kamar wanda ya ɗauki kayan mutane.

Ba komai ya kore shi daga layinsu na Maitumbi ba sai gaisuwa. Daga ƙofarsa zuwa inda ake hawa keke mai ƙafa uku bai fi taku ɗari biyu ba, amma mutanen Bida ne suka cika layin, su kuwa ba sa gaisuwar tsaye. Sai ka rusuna wa Baba Sheshi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya tambaye ka gida da gajiya da ruwan jiya. Kana miƙewa Nna Saudatu mai masa ta kama hannun rigarka. Kafin ka ga titi rabin awa ta tafi. A ofis kuma an kafa na'urar dangwala yatsa, ƙarfe takwas take rufewa. Shugabansa ya faɗa masa ƙiri-ƙiri: ya ƙara makara sau ɗaya, ƙauye za a tura shi, ya bar iyali a Minna.

To, dabara ta yi aiki, bakwai da rabi ya dangwala. Sai dai ciwon da ke sara masa ƙeya tun watan jiya ƙaruwa ma ya yi. Ga wani tunani da ya hana shi karanta fayil. Shin an ma lura ba ya wucewa? Akuyar Baba Sheshi da cikinta ke jan ƙasa fa, ta haihu? Ya ɗauki waya, ya ajiye. Ina aka taɓa tambayar akuya a waya?

Da la'asar ya dawo ta lungun, ya tarar da matarsa Mariyamu a bakin ƙofar baya tana leƙe.

"Baban Amatullah, maza shiga ka kwanta."

"In kwanta? Lafiya?"

"Kai za a tambaya. Rabin layin nan na tsakar gida, dubiya suka zo."

"Wa ya ce musu ba ni da lafiya?"

"Ni mana! Kwana huɗu ana tsare ni da tambaya. In ce musu gudunsu kake yi?"

Bawan Allah ya cire takalmi, ya ja bargo har wuya, da zafin Minna da komai. Aka fara shigowa. Nna Saudatu ta dire kwanon farfesun kifi. Baba Sheshi ya zauna a bakin gado, ya ɗora masa tafi a goshi.

"Sannu, ɗana. Ina ke ciwo?"

"Kai ne, Baba." Wannan kam ba ƙarya ya yi ba.

Tsohon ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon takalmin da ke gefen gado, ƙullu ya bushe a kansa fari fat.

"Ikon Allah. Ni dai ban taɓa ganin ciwon kan da ke kai mutum bayan injin niƙa ba."

Ɗaki ya kwashe da dariya, Mariyamu ta tsere kicin. Ndakotsu ya yaye bargo, gumi sharkaf, ya zayyana musu komai, da na'urar da shugaban da ƙauyen.

Nna Saudatu ta riƙe haɓa. "Ita na'urar ba ta jira? Ko ka gaishe ta?"

"Ko minti ɗaya, Nna."

"Na san irinta," in ji Baba Sheshi. "Shekara talatin na yi ina bauta wa abin da ba ya jiran kowa. Da ka faɗa mana, ɗan nan. Mu muna can muna ta binciken laifin da muka yi maka."

Ba su tashi ba sai da aka kira magariba. Akuya ashe uku ta haifa. Ndakotsu na cikin suɗe ƙashin kifi ya shafa ƙeyarsa, ya ji shiru, ciwon ya tafi.

Da safe ya fito ta ƙofar gaba. Baba Sheshi na hango shi ya miƙe, ya ɗaga koren ƙyalle irin na masu ba jirgi hanya yana kaɗawa. "Wuce! Wuce! Hanya a buɗe!" Nna Saudatu ta cusa masa masa mai zafi a hannu, ta toshe bakinta da gefen mayafi. Kowa hannu kawai yake ɗagawa. Bai taɓa sanin layin nan gajere ne haka ba.

Mai keke ya tsaya a gabansa. "Oga, shataletalen Mobil ne?"

Ndakotsu ya duba agogo. Bakwai da minti biyar. Ya waiga, ya ga tsohon ya koma kan bencinsa shi kaɗai, yana ninke ƙyallen a hankali.

"Je ka," ya ce wa mai keken. "Zan hau na baya."