Rufin Motar Lyall

Shekara goma sha ɗaya muna yawo a motar nan, ni da mijina Lyall. A ciki muke girki, a ciki muke kwana, kuma ban taɓa hawa rufinta ba. Ni Glenys ko kujera na taka sai kaina ya juya.

Rufi na Lyall ne. Duk sanda muka fito daga hanya mai gargada, sai ya kafa tsani ya hau duba iyakwandishan. Noti huɗu ke riƙe da ita, ƙarƙashinta kuma soson roba ne da ke tare ruwa da ƙura. Ya ce soson nan rabi ake matse shi. Ka sassauta ya yi yoyo, ka ƙure ya mutu. Abin da ya fi tsana shi ne masu zagaye gindin na'urar da gam.

"Sakarkaru!" yake cewa. "Sun toshe mata magudana, ina suke so guminta ya bi?"

Bana muka sauka gefen garin Kununurra, ƙarƙashin wata kuka, damina na ƙaratowa. Sai ga tabo a silin, daidai saman gado. 'Yarmu Narelle ta hango shi ta kiran bidiyo a waya, yarinyar nan idonta kamar na shaho.

"Mama, Baba fa ya fara mantuwa, kin sani na sani. In ba zai iya kula da motar ba, ku dawo Adelaide."

"Ke tafi can! Jiya ya hau ya gyara."

Ya hau ɗin kuwa, ya daɗe a sama yana fito. Amma da muka kunna na'urar, ruwan sai ya ƙaru, ɗis, ɗis, a kan bargo. Ba na son komawa Adelaide, wallahi ba na so. Can kujera za a ba shi a gaban taga, shi ke nan.

Da ya kwanta barcin rana, na ɗauki wuƙar shafa man shanu na kama tsani. Ina hawa ina zagin kaina har na kai.

Abin da na zata shi na tarar. Lyall, Lyall da kansa, ya zagaye na'urar da farin gam, tsaf-tsaf kamar kwalliyar kek. Na zauna daɓas a kan rufin mai ɗumi.

Sai na ɗaga kai. Ashe wannan yake kallo duk shekarun nan bai gaya mini ba, munafuki! Jar ƙasa shimfiɗe har inda ido ya gaji, duwatsu can nesa sun yi shuɗi suna lilo a cikin zafi. Hadari ya tsaya a arewa, fari a sama, baƙi a ƙasa, ba ya gaba ba ya baya. Fararen aku suka wuce dab da kaina har na ji iskar fikafikansu. Sai na ji kamar motar ta saki ƙasa tana tafiya da ni a hankali, ba direba, ba hanya. Ban san iya lokacin da na yi a haka ba.

Na kankare gam ɗin kaɗan-kaɗan. Da na buɗe magudanar, ruwan da ya taru ya gangaro ta gefe, mai sanyi, ya jiƙa mini siket. Na yi dariya ni kaɗai. To, ai na iya! Shi ya riƙa hawa yana abinsa, ni in bi baya in gyara. Narelle ba sai ta ji ba, mu ƙara shekara guda, ko biyu.

Na juyo zan sauka, sai na ji tsanin ya daina motsi. Lyall ne a ƙasa, ba takalmi, ya riƙe shi da hannu bibbiyu. Ya ɗago yana murmushin da yake yi wa baƙi.

"A hankali, baiwar Allah, kar ki faɗi," ya ce. "Wa kike nema? In matata ce, ta ɗan fita. Sauko ki jira ta, in dafa miki shayi."