Ƙanƙarar Malam Ƙamus

Ƙanwata ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firij, amma watanni ta shafe tana yi mini kukan narkewarta da Turanci. Ina kan keken ɗinki, ita tana zarya daga ƙofa zuwa gado, tana haddace yadda duwatsun ƙanƙara ke rugujewa cikin teku a can ƙarshen duniya, da yadda wata farar dabba ke rasa wurin tsayawa. Ni kuwa ina taka keke ina cika ina batsewa.

Jarrabawar Turanci ce a gabanta. An yi mata alkawarin aikin kula da tsofaffi a ƙasar waje, har da izinin tafiya da 'yarta Gimbiya, muddin ta ci jarrabawar ta kai sakamako kafin a rufe ɗaukar ma'aikata. Ba son yawo ne ya ɗebe ta ba. A bayan katangarmu akwai masu fasa tsofaffin batura suna narka dalma, hayaƙinsu kuma ɗakinmu yake sauka. Gimbiya ba ta iya gudu daga zaure zuwa tsakar gida sai ta durƙusa tana tari. Mun kai ƙara har bakinmu ya gaji. Likita ya ce maganin gaskiya shi ne a raba yarinyar da wannan iskar.

Makarantar da take zuwa tana saman wani shagon taya, mai ita kuma ɗalibai na kiransa Malam Ƙamus. Tsarinsa ɗaya ne: kowane batu da amsarsa a shirye, sai hadda. In an tambaye ka abinci, ga amsa. In an tambaye ka muhalli, ƙanƙara. Ya cusa mata manyan kalmomi, su ɗumamar yanayi, su gurɓatar sararin samaniya, su makamashi mai sabuntuwa, kamar mai ɗura auduga a matashi.

Wata rana na je ɗaukarta, na tarar suna gwajin magana, sai na zauna a bencin baya da Gimbiya a cinyata. Malam ya tsayar da ita, ya ce ta faɗi wata matsalar muhalli da ke damun inda take zaune. Ban san abin da ya shiga kanta ba, sai ta saki ƙanƙara ta kama maganar batura. Turancina bai wuce na gaisuwa ba, amma na gane. Tana tuntuɓe tana tashi, tana nuna ƙirji da hannu. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka da harshen ba, har na ji kaina ya fasu.

Sai Malam ya daki tebur.

"Dakata! Wa ya aike ki?"

"Malam, ai abin da ke damun mu ke nan," in ji ta.

"Ina ruwan mai jarrabawa da baturanku? Manyan kalmomi take saurare. Cikin waɗanda na ba ki, wacce kika sa? Ko ɗaya! In kika yi wannan shirmen a can, kin kashe kanki da kanki."

Aka kwashe da dariya. Na miƙe, raina a ɓace, na ce, "Malam, ba inda take zaune ka tambaye ta ba? A kan ƙanƙara muke zaune?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Baiwar Allah, ni ban taɓa zuwa shagonki na koya miki yanka yadi ba."

A hanya na yi ta zazzaga faɗa, na ce ta riƙe maganarta ta gaskiya, ta nemi kalmomin da suka dace da ita. Ta ce, "Yaya, ki bari. Shi ya san hanya. Ni dai in fitar da yarinyar nan." Daga ranar ba ta sake furta batur da Turanci ba.

Ranar jarrabawa ni da Gimbiya mun jira ta a bakin ƙofar ginin. Tun daga yadda ta sauko matakala na san babu lafiya.

"Muhallin aka tambaye ni," in ji ta. "Ina fara ƙanƙara, matar da ke jarraba ni ta ajiye biro. Ta ce tun safe take jin wannan labarin, kalma da kalma. Ba ta yi faɗa ba, Yaya. Cewa ta yi in manta da shi, in ba ta labarin layinmu, yaya iskarsa take."

"To, Alhamdulillahi! Sai kika faɗa mata?"

"Wallahi ina jin warin hayaƙin a hancina. Na buɗe baki, sai na ji kamar Malam ya daki tebur. Ƙanƙarar ce ta sake fitowa."

Da sakamako ya fito, ta ci karatu, ta ci rubutu, ta ci sauraro, ta faɗi a magana. Kafin a sake ba da damar zama jarrabawar, an rufe ɗaukar ma'aikata.

Na hau saman shagon tayar nan ban ko yi sallama ba. Na faɗa masa duk abin da ke bakina, a gaban ɗalibansa. Mutumin nan ko gezau. Har da murmushi ya ce, "Ai mun gano matsalar, sun harbo jirgin ƙanƙara. Yanzu mun koma batun sare dazuzzuka. Ki ce ta dawo ranar Litinin." Da ba don ina tsoron Allah ba, da almakashin da ke jakata ya yi aiki a kan rigarsa.

Da na koma gida na tarar ƙanwata ta zazzage akwatin da ta haɗa, tana mayar da kaya cikin durowa. Gimbiya ta rungume rigar sanyin da na ɗinka mata, tana cewa a bar mata wannan a waje, ita za ta sa a jirgi. Uwar ta juyo ta kalle ni. Na ce wa yarinyar ta kawo in kwance kalmasar, don kafin ta sa ta sai ta ƙara tsayi.