Kafaɗar Gabor

Malam Mahamane ya sake cusa hannuwansa biyu a ƙarƙashin kafaɗar maƙwabcinsa, ya yi bisimilla, ya yunƙura. Ko gezau mutumin bai yi ba.

Gabor ne kwance rigingine a daɓen kicin ɗinsa, a gidajen hayar da ke bayan titin Wendover. Ana idar da azahar aka ji faɗuwarsa ta cikin bango. Shekaru hamsin da suka shige, shi ne zakaran kokawar masu nauyi a ƙasar Hungary. A nan ƙasar da suke zaman baƙunci kuwa dattijo ne da ya tsufa yana lodin kaya a sito, ɗansa tilo yana can jihar Ohio, ba ya ɗaukar waya.

"Malam," in ji Gabor, numfashinsa yana sarƙewa, "juya ni."

Mahamane ya san manufarsa. Sau da yawa a baranda, idan shi ya gama labarin kokawar garinsu Tawa, Gabor kan ce a tasu kokawar babban kaye shi ne a manna kafaɗun mutum biyu da ƙasa, kuma ba a taɓa yi masa ba. Tun da ciwon zuciya ya kama Gabor, a kujera yake barci. Bara ya riƙe hannun Mahamane, ya karɓi alkawarin ba zai bar shi ya cika rigingine ba.

Sakinatou, matar Mahamane, tana bakin ƙofa da waya a kunne. "Malam, sun ce kada a motsa shi. Motar asibiti na tafe, cunkoso ya riƙe ta. Kai da likita ya hana ka ɗaukar ko galan ɗin ruwa!"

"Alkawari na ɗauka, Sakinatou, kuma abin tambaya ne gobe kiyama."

Ya gwada na uku. Bayansa ya amsa, ya zube a kan gwiwoyinsa.

Gabor ya yi wata 'yar dariya mai kama da tari. "Ƙartin duniya sun kasa ɗaga ni, Malam. Sai kai mai carbi?"

"Yi shiru, zakara. Ƙarfi na Allah ne."

Sai ya kwance rawaninsa, ya naɗe shi tamau. Sakinatou ta ajiye wayar, ta kama hannun rigar Gabor ta ja, shi kuma ya tura da dukkan abin da ya rage masa, har ya cusa rawanin a ƙarƙashin kafaɗar dama.

"Ɗaya ta tashi," ya ce yana haki. "Gabor, ka ji? Ɗaya ta tashi."

Ya leƙa fuskar Gabor. Idanun suna buɗe, suna kallon silin. Mahamane ya yi istirja'i a hankali, ya shafe su da tafinsa. Ko kafin rawanin ya shiga ran ya fita, ko bayansa, bai sani ba, kuma babu wanda zai tambaya.

Can nesa jiniya tana kuka, ba ta matsowa. Ya zauna a daɓen, kansa ba rawani, yana duban ɗan hasken taga da ya ratsa tsakanin kafaɗar da ƙasa.