Cikin Hinda

Inna Fanna ta shafa man gyaɗa a tafinta, ta ɗora hannu a marar surukarta Hinda, ta runtse ido. Rabin yaran ƙauyensu da ke kusa da Guci a hannunta suka faɗo duniya. Ta danna dama, ta danna hagu. Abin yana nan gefen tabon aikin da aka yi wa Hinda a haihuwar fari, da tauri kamar ɗanyen mangwaro.

"Wannan ba mutum ba ne, ƴar nan," ta ce. "Gyara zanenki."

Hinda ta fashe da kuka, don Fanna ce ta farko da ta faɗi haka. Mijinta Maiwada ya shekara biyu yana leburanci a Aljeriya, ga ciki yana tasowa. Matan gari kuwa, ko wadda ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ta yi boko ba, ta iya lissafin watan wata.

* * *

Fanna ce ta raka ta asibiti a Damagaram. Aka shafa mata wani ruwa mai sanyi, aka duba cikin da na'ura, aka tsakuro ɗan nama da allura aka aika Yamai. Da sakamako ya dawo, likitar ta zaunar da su.

"Ƙari ne da ke fitowa a naman bangon ciki, sau da yawa bayan haihuwa ko aiki. Ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki. Wani ya tsaya da kansa, wani ma ya motse."

"To a cire mata mu huta," in ji Fanna.

"Inna, irinsa in an yanka yakan dawo, wani sa'in ya fi da. Za mu sa masa ido. Duk wata uku ta zo mu ɗauki hoto mu ga girmansa. In ya matsa, sai mu fara magani."

Suka hau mota ba ƙwaya, ba allura. Hinda ta yi murna har tana sayen rake a tasha. Ba ta san wannan dawowa hannu rabbana ita ce za ta ƙarasa ta ba.

Gari ya yanke hukunci kafin su sauke mayafi. Wane irin ciwo ne likita zai gani ya ƙyale? Mai zuwa asibiti loto-loto ta dawo ba magani, ai kowa ya san me take ɗauke da shi. Aka daina aiko wa Hinda gyaɗar matsa, wadda take fitar wa mutane mai da ita. In ta shiga gidan suna, sai tabarma ta yi mata faɗi.

Wata tara suka wuce, ba haihuwa. Hinda ta zaci yanzu za a ji kunya. Ina! Sai aka ce ta sha wani abu ne, ya mutu a ciki.

* * *

Ranar kasuwar Guci da yamma Baffa Kolo, ƙanen marigayi mijin Fanna, ya yi sallama ya tsaya a tsakar gida.

"Fanna, ba na iya ɗaga kai a masallaci. Juma'a zan kira yaron nan ya sawwaƙe mata."

"Malam Kolo, ciwo ne. Da kunnena na ji."

"Ina maganin? Ina ɗinkin?"

Fanna ta dubi ƙofar ɗakin da Hinda ke ciki. Tun da take unguwarzoma ba ta taɓa yi wa ciki ƙarya ba, shi ya sa in ta yi magana ba a ƙarawa. Ta ji tausayin yarinyar da ke dama mata fura kullum ba ta taɓa ɓata rai ba.

"To, tunda kun matsa," ta ce da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji ta bayan danga. "Ciki ne. Na ɗana ne. Tun kafin ya tafi ya shiga, ya kwanta. Ni na taɓa da hannuna. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Baffa Kolo ya saki fuska. Kwantaccen ciki ai sananne ne, kakarsa ma an ce ta yi.

"Haba Fanna! Da kin faɗa tun farko."

Washegari gida ya cika da mata, ana barka, ana tsokanar Hinda da ɓoye-ɓoye. Gyaɗar matsa ta dawo har ta yi mata yawa. Gaskiyar da ta yi shekara tana rantsuwa a kanta ba ta samo mata ko gaisuwa ba.

A zuwansu na gaba likitar ta daɗe tana kallon hoton, ta ce ya ɗan ƙaru, nan gaba wataƙila a fara magani. Suna sauka daga mota wayar Hinda ta yi ƙara. Maiwada ne, muryarsa cike da dariya.

"Baffa ya faɗa min komai. Ki yafe min, Hinda, na so in yi zargi. Na riga na sayi zanen goyo. Yana motsi?"

Hinda ta dafa wurin. Ta dubi Fanna, tsohuwar ta sunkuya tana gyara takalmin da bai kwance ba.

"Bai farka ba tukuna," ta ce.